Ba duk abin da ya saura ne kufai ba

Ɗalibai da yawa na ɗauka cewa kalmomin Turanci ruins da relic da vestige duk ma'anarsu ɗaya, sai su fassara su da kufai. Ba haka ba ne, kuma abin na damuna, don fassarar na gurɓata zancen.

Ruins gini ne da ya rushe amma jikinsa na nan, kamar sassan ganuwar Kano da ruwan sama ya zaizaye. Relic kuwa abu ne da aka adana saboda darajarsa, irin tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni da ke Gidan Makama, gidan tarihi na Kano. A da, ƙasusuwan waliyyan Kirista ake kira haka.

Vestige ce ta fi wuya. Daga Latin ta fito, inda vestigium ke nufin sawun ƙafa. Ka tuna makiyayi ya sunkuya a kan yashi da sassafe yana duban inda kofato ya taka: saniyar ta wuce, sawun kaɗai ya rage. Shi ya sa ake faɗinta ga al'ada ko sarauta da ta gushe ta bar 'yar alama. Daga tushen nan ne ma aka samo investigate, wato bin sawu.