Bunsurun Bishara

A ikkilisiyarmu da ke Tumfure a Gombe, idan ana son ɗora wa mutum aiki, ranar da bai zo taro ba ake zaɓensa. Na je biki Billiri, na dawo na tarar an naɗa ni shugaban kwamitin tara gudummawa domin mai bishararmu da ke Jamhuriyar Nijar. Magatakarda ya ce ko mutum ɗaya bai ƙi ba, wai don an san ni da riƙon amana. Uwargida ce ta fassara mini maganar da daddare: gidanmu ne mai katanga da ƙofar ƙarfe, ga rumfa a tsakar gida.

Mai bisharar nan ɗanmu ne, a gabanmu ya tashi. Shi da matarsa da yaransu suna wani ƙauye a jihar Maradi, inda babu lantarki, ruwa kuma sai an zura guga. An ce za su zo hutu, don haka a haɗa musu abin da za su koma da shi.

Ranar Lahadin da aka yi sanarwa, Baba Fasto ya ɗauko tarihi tun daga tushe. Ya ce a 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa arewa, kafin ƙarshen 1894 biyu sun kwanta dama, Bingham kaɗai ya rage. Ya ce a 1917 mishan ta SIM ta iso Kaltungo, a 1954 aka kafa ikkilisiyar ECWA, yau ga shi mu da aka kawo wa, mu ne ke aikawa. Mata suka yi guɗa. Sai ya rufe da cewa kowa ya kawo abin da Ubangiji ya sa masa a zuciya. Ni dai da ya tambaye ni, da na ce ya ƙara da cewa abin da ke cikin zuciya ake nufi, ba abin da ke ƙarƙashin gado ba.

Kayan kirki sun zo, kada in ci haƙƙin mutane. Zumuntar Mata ta sayo masara da wake daga Tudun Hatsi, ga manja, ga sabulu, ga atamfa. Amma bayan su sai aka buɗe ƙofar tarkace. Wani ya kawo firji, ya ce lafiyarsa lau, sanyi ne kawai ba ya yi. Wata ta kawo takalma masu tsini na amare, domin matar da ke taka rairayi zuwa rijiya. An kawo keken ɗinki babu kai, da talabijin mai ƙeya, da kalandar bara guda goma sha biyu, da kwali cike da littattafan Turanci na shirin jarrabawa. Wani dattijo da ya taɓa yin kwas a Ingila ya kawo wata ƙatuwar kwat mai gashi a wuya, wadda in ka sa ta a Gombe a watan Afrilu sai dai a yi maka addu'a. Duk wanda ya ajiye nasa sai ya tsaya ya ga na rubuta sunansa a rajista, ya duba ko na rubuta daidai.

Ana cikin haka Kaka ta iso. Gwauruwa ce 'yar Kaltungo, ta tsufa ƙwarai, ƙosai take soyawa a bakin hanya. Jikanta na biye da ita yana jan igiya, a ƙarshen igiyar kuma wani baƙin bunsuru mai gemu, wanda warinsa ya riga shi sallama.

Ta ce, "Ɗana, wannan na mai bishara ne. Da ransa nake so ya shiga hannunsa. Ban ce kuɗinsa ba, ban ce namansa ba."

Na ce, "Kaka, ai hanyar da nisa. Da an sayar..."

"Ka ji abin da na ce?"

"Na ji, Kaka."

"To, ka ce amin."

Na ce amin. Duk abin da ya biyo baya, wannan amin ɗin ce ta ɗaure ni.

Daren farko ya yi ta ɓaɓatu har asuba. Kashegari ya cinye zogalen uwargida, ya bar mata sanduna. Ya gano inda buhun masarar Zumunta yake, ya huda shi ta ƙasa, inda ba za a lura da wuri ba. Ya tauna gefen zanin da aka shanya. Na ɗaure shi a rumfa, ya ci igiyar. Na sayo ta roba, ya koyi zare wuya. Yara suka sa masa suna Mishan, kuma abin haushi yana amsawa. Uwargida ta daina kirana Baban yara, ta koma "mai bunsuru". A wurin aiki wani ya matsar da kujerarsa daga kusa da ni, ya ce wai fanka yake nema.

Babbar ɓarnar ita ce rajista. Na ajiye ta a kan tabarma na shiga ɗauko biro, kafin in fito ya gama da shafukan tsakiya, yana tauna yana kallona ko kunya babu. Sunayen masu firji da kalanda suka tsira, na masu wake da manja suka tafi ciki. Ranar Lahadi da aka ce in karanta sunayen masu bayarwa, na karanta abin da ya rage, sannan na ce sauran, Uban da ke gani a ɓoye zai sāka musu. Baba Fasto ya gyaɗa kai don jin daɗin ayar. Shugabar Zumunta ba ta gyaɗa ba. Bayan sujada ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan'uwa, Uba yana gani a ɓoye, amma mu a fili muka kawo."

Sai kuma ya tsallaka katanga. Maƙwabcina Alhaji dillalin dabbobi ne a Tike, yana da awaki a bayan gida. Da hantsi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da ƙahon Mishan, ya ce, "Maƙwabci, wannan ma'aikacin naku tun bai ƙetare iyaka ba ya fara zaga gidaje. In awakina suka haihu, wa zai raɗa suna, ni ko Fasto?" Na ba shi haƙuri, na ce kwana kaɗan ya rage a wuce da shi Maradi. Alhaji ya saki ƙahon. Ya ce, "Ina?" Na ce Maradi. Ya dube ni, ya dubi bunsurun, ya kama ciki yana dariya har hularsa ta faɗi, ya ɗauka ya shige gida bai ce mini komai ba.

Na je tasha in ji kuɗin mota. Direba ya lissafa mini: Gombe zuwa Kano, Kano zuwa Katsina, Katsina zuwa Jibiya, a ƙetara ta Ɗan Isa sannan Maradi, daga nan kuma sai a nemi motar ranar kasuwa. Ya ce bunsuru kuɗin kujera zai biya ko da a but aka sa shi, kuma a iyaka za a nemi takardar likitan dabbobi. Da na haɗa lissafin, kuɗin tafiyarsa ya kusa sayen wani irinsa.

Baƙinmu suka iso da yamma, sun yi baƙi, sun rame kaɗan, amma fara'a kamar ba su kwana a hanya ba. Mu da muka shirya jin tausayinsu, sai ga su suna sauke mana tsaraba: albasar Galmi, da cuku, da dabino. Uwargida ta karɓa da hannu biyu, ta harare ni, ta harari firjin.

Bayan sun ci tuwo muka zauna a rumfa, na fara gabatar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Matar mai bishara mace ce mai kunya, duk abin da na ɗaga sai ta ce "Allah ya sāka." Ta ce wa takalman amare Allah ya sāka. Ta ce wa talabijin Allah ya sāka. Da aka zo kan littattafai babban ɗansu ya buɗe ɗaya ya juya shi, ya ce shi da Faransanci ake koya musu. Firjin ne ta zagaya sau biyu, ta buɗe ta rufe, ta ce ƙofarsa na kamawa da kyau, ɓera da gara ba za su shiga ba, da kusa ne da ta zuba gero a ciki. Kwat ɗin Ingila kuwa, da na ɗago ta ina shirin ba da haƙuri, mai bishara ya miƙe ya karɓe ya sa. Ya ce, "Yaya, ba ka san hunturun can ba. A watan Janairu in na hau babur da asuba, haƙorana har kaɗawa suke. Wa ya kawo wannan? Sai na je na gode masa har gida." Abin da suka fi murna da shi bayan hatsi su ne jarkokin da aka zubo manja, da buhunan da babu komai, da ragowar igiyar roba.

A nan ne na ji yadda zaman yake. Ya ce mutanen ƙauyen kusan dukansu Musulmi ne, mai gari ne ya ba shi gonar da yake nomawa, ranar suna da ranar jana'iza tare suke. Masu zuwa sujada ba su cika tabarma uku ba, a gindin gawo suke yi. Ya ce wahalar shekara tana farawa ne idan damina ta sauka rumbu ya ƙare, gero kuma bai nuna ba. Samari sun tafi ci-rani, mata da tsofaffi ke riƙe da gari. Matar tana koya wa mata karatu da yamma, ta kan kuma raka mai naƙuda a amalanke zuwa ɗakin shan magani, in abin ya yi tsanani a nemi mota zuwa Maradi, wani lokaci har asibitin mishan na Galmi, wanda ke aiki tun 1950. Tallafinsu da naira ake aikawa, su kuma da sefa suke cefane, don haka duk faɗuwar da naira ta yi a tukunyarsu take sauka. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, ya ce sun san kuɗi na nan an tara musu a gida, sun kuma san ba ya cika ciki daga nesa. Na tambaye shi me suka fi bukata. Ya ce batirin sola, da tayar babur, da kuɗin makarantar yara. Babu ko ɗaya a rumfata, kuma a iya sanina babu wanda ya taɓa ɗaga waya ya tambaye shi.

Yana magana idonsa na kan wani kututture a gefen katanga, wanda ya yi tofo Mishan ya aske shi. Na ce gobe zan tone shi. Ya ce kada in kuskura. Ya ba ni labarin Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya zo Maradi da iyalinsa ƙarƙashin SIM a farkon shekarun 1980, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, har ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. A bar reshe kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabbobi, sai itace ya tashi. Ya ce sassaben zamani suke kiransa, ya mayar da itatuwa a miliyoyin kadada a Nijar, har mutumin ya sami lambar yabo ta duniya a 2018. Na ce to ni matsalata tana wajen "a kare su daga dabbobi".

Kamar ya ji ana maganarsa, sai ga shi ya fito daga bayan firji yana tauna kalanda.

Na gyara murya na ce, "Ga kuma babbar kyauta, daga Kaka. Da ransa za ka tafi da shi."

Mai bishara ya yi shiru. Matarsa ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ƙaramar 'yarsu ce ta fasa ƙwai, ta ce, "Baba, wannan baƙin za mu kai garin jajayen awaki?" Ashe abin da ya kayar da hular Alhaji ke nan. Jar akuyar Maradi sananniya ce har a ƙasashen waje saboda kyan fatarta da yawan haihuwa, har cibiyar kiwonta gwamnati ta kafa a garin. Mai bishara ya ce a ƙauyensu matar da ba ta da komai ma tana da akuya biyu, kuma in ya shiga da wannan, mai gari zai roƙe shi ya ɗaure shi nesa da garke kada ya ɓata musu iri.

Na ce alhamdu lillahi, sai a kai shi Tike gobe. Ya ce a'a, kyautar gwauruwa ba a yi mata haka. Da safe ya sa kwat ɗinsa, a zafin Gombe, don mai ita ya gani a hanya, muka ja Mishan har gidan Kaka. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta kama igiyar ta danƙa masa a hannu, ya yi addu'a mai tsawo, Kaka tana share hawaye. Ni ma na ji wani abu a maƙogwaro, ga kuma daɗin cewa amin ɗina ta cika.

Sai na ji yana cewa, "Kaka, na karɓa, ya zama na aikin Ubangiji. Amma hanya za ta wahalar da shi. In kin yarda, a bar shi a nan a yi kiwonsa har Kirsimeti, lokacin da dabba ke tsada, a sayar a saya mana batir."

Kaka ta ce, "Naka ne, ɗana. Amma wa zai kula da shi?"

Su biyun suka juyo suka dube ni.

Lahadin da ta biyo baya magatakarda ya karanta sanarwa cewa kwamiti ya buɗe asusun kiwo domin bishara, duk mai dabbar da zai bayar ya kai gidan shugaba, tunda yanzu akwai wuri kuma akwai gwani. Kafin Laraba an kawo tunkiya da agwagi biyu. Alhaji ya leƙo ta kan katanga ya ƙirga su, ya ce in ina neman dillali a Disamba la'adarsa ba ta da yawa, amma kuɗin dusar awakinsa uku da suka ɗauki ciki, wannan da kwamiti zai yi magana.