Kwana Uku Gidanmu Yana Cikin Tanti

Watan jiya na dawo daga aiki na tarar da takarda manne a ƙofa: gara ta ci katakon ginin da nake haya a San Diyego, jihar Kaliforniya ta Amurka, za a turara shi da guba, kowa ya fita na kwana uku. Kada ku ɗauka feshin da muka saba ne. Gidajen nan katako ne har rufi, garar tasu kuma ba ta gina suri, cikin busasshen itacen take zama. Sai a lulluɓe ginin gaba ɗaya da wani ƙaton tanti mai ratsin ja da rawaya, a danne gindinsa da buhunan yashi, a saki iskar guba a ciki. Iskar ba ta da wari, don haka ake haɗa ta da wani sinadari mai sa hawaye, ko da wani zai kuskura ya shiga. An rufe gas. Kukata da daddawar da Inna ta aiko min, sai da na ɗaure su cikin ledoji na musamman, ɗaya cikin ɗaya. Kowace ƙofa an ƙara mata kwaɗo na biyu, mabuɗin yana hannun masu aikin.

Safiyar rana ta uku na ga an yaye tantin, na roƙi shugaban masu aikin ya bar ni in ɗauko takalman aiki, minti biyu kacal. Ya ƙi. Ya nuna min na'urar gwada iska, ya ce sai ta sauka inda doka ta yanka, kuma lasisinsa ne a kai. Na ce masa a garinmu fiya-fiya muke yayyafawa mu kwanta. Kallon tausayin da ya yi min har yau yana yi min zafi.

Amma gaskiya tana tare da shi. A Kaliforniya hukuma guda ce ke kula da masu wannan sana'a, lasisin kuma kashi uku ne: na masu turara gini, na masu kashe kyankyasai da ɓeraye, da na masu duba ɓarnar gara a katako. Sai ka yi horo, ka ci jarrabawa, duk shekara 3 ka sabunta. Akwai magungunan da ba a sayar wa kowa sai mai takardar shaida. Su ma ba da wayo aka haife su ba. A 2010 yara mata biyu 'yan gida ɗaya suka rasu a jihar Yuta bayan an zuba ƙwayoyin kashe ɓeraye kusa da gidansu, daga nan aka haramta amfani da su a kusa da gidajen zama.

Waɗannan ƙwayoyin, su ne bom ɗin da muke jefawa a buhun wake. Yaro ma in ka aike shi kasuwa zai sayo.

Na san abin da za a ce, ya ci hamboga ya manta mafari. Na kuma san kuɗin da ake caza a nan ya fi ƙarfin talaka, wanda sauro ya hana 'ya'yansa barci kuma ba zai jira mai lasisi ba. NAFDAC ma ta taɓuka a 2019 da ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwa. To, amma mai feshin da ke yawo da tanki a bayansa, ba safar hannu, ba takunkumi, wa ya koya masa awo? A 2015 Tarayyar Turai ta daina karɓar wakenmu saboda ragowar magani. Waken da suka ƙi, mu muka ci shi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a ce mu ba mu san tsari ba. Mun sani. Iyayenmu sun ba mu labarin duba-gari, mai buɗe randa ya leƙa, mai sa a share kwata kafin ya iso. Ba daga San Diyego aka aro mana shi ba, sakaci muka yi da shi.

Daren da aka buɗe mana gida na kira Inna. Na tambaye ta inda aka ajiye waken bana, ta ce ɗakin da ke jikin na jikokinta, an sa masa bom tun kaka.

"Inna, don Allah a kwashe shi a kai rumbun bayan gida."

Ta ce, "To ɗan nan, in ka zo da Sallah sai ka kwashe da kanka." Sallah huɗu ke nan ina ce mata ina tafe.