Kafin mu miƙa wa ejan kuɗin tikitin doguwar tafiya

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da na lura da ita a tsakaninmu mutanen Sakkwato duk lokacin da doguwar tafiya ta jirgin sama ta taso, ko ɗan kasuwa ne zai tafi Guwanzu ta ƙasar Sin saro kaya, ko ɗalibi ne zai koma Maleshiya, ko kuwa iyali ne za su kai majinyaci Indiya. Tambaya biyu kawai muke yi wa ejan: nawa ne tikitin, kuma kilo nawa ake bayarwa. Idan ya ambaci kamfanin da muka saba jin sunansa sai hankali ya kwanta, idan kuma ya ambaci wanda ba mu taɓa ji ba sai gaba ya faɗi, a fara cewa a dai bar wa Allah. Ra'ayina shi ne mun ajiye tsoronmu a inda bai dace ba. Kamfanin da ba ka sani ba da wuya ya cuce ka a sararin sama. Wahalarsa kusan kullum a ƙasa take, a filin da za ka yada zango, a wurin awon kaya, da kuma ranar da aka soke tashi babu wanda za ka kama.

Ba na raina tsoron da mutanenmu suke da shi, domin yana da asali. A ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa nan Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa, ya faɗi yana ƙoƙarin komawa fili, kuma duk mutum 261 da suke ciki suka rasu. A ranar 29 ga Oktoban 2006 kuma jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Abuja ya faɗi, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo tare da mutane da yawa. Allah ya jiƙansu da rahama. Garin da ya ga irin waɗannan ranaku ba za a zarge shi ba don ya ji ɗar idan an ambaci jirgi. Amma a dubi hatsarin Jidda da kyau. Da sunan Nigeria Airways aka yi tafiyar, sunan da kowane alhaji ya sani a wancan zamani, alhali jirgin da matuƙansa na wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair da aka ɗauko haya, kuma bincike ya nuna cewa tayoyin da ba su da isasshiyar iska ne suka fashe wajen tashi suka haddasa gobarar. Sanannen suna bai tsare kowa ba a ranar, domin wanda ya sayar da tikitin daban, wanda yake kula da jirgin daban.

Wannan tsari bai gushe ba, sai dai yanzu ana rubuta shi a fili ga mai son karantawa. Kamfanoni suna raba kujerun jirgi ɗaya a tsakaninsu, kowa ya sayar da lambarsa, saboda haka mutum kan sayi tikitin kamfanin da ya amince da shi, ya isa ƙofar shiga ya tarar da jirgin wani. A jikin tikitin, ƙarƙashin kowane zango, akwai layin da yake faɗin kamfanin da zai tuƙa jirgin, kuma wannan layin ya fi tambarin da ke saman takardar muhimmanci. Da zarar ka san ainihin kamfanin, binciken lafiyarsa bai wuce aikin minti kaɗan a waya ba. Tarayyar Turai tana fitar da jerin kamfanonin da ta hana shiga sararin samaniyarta saboda rashin ingancin kulawa, tana kuma sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, tana da nata binciken da ake kira IOSA, wanda wajibi ne kowane mambanta ya tsallake shi. Kamfanin da ba ya cikin jerin Turai kuma yana cikin rajistar IOSA, ko da yau ka fara jin sunansa, babu dalilin da za ka fi jin tsoronsa fiye da wanda kake gani a talla. Sau da yawa ma rashin saninmu ne kawai: kamfanin Habasha, wato Ethiopian, ya fara jigila tun 1946, kafin Najeriya ta sami 'yancin kai da shekara 14, amma akwai dattawan da har yanzu suke ɗaukarsa baƙo.

Inda nake so mu tsananta tambaya shi ne zango. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III, in ba lokacin jigilar alhazai ba, mutum ba ya tashi kai tsaye zuwa ƙetare. Sai ya fara isa Abuja ko Kano ko Legas, daga can kuma akasari sai an sauka a Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha ko Istanbul kafin a kama jirgi na ƙarshe. Tikitin da ya fi araha yawanci an biya ragowar kuɗinsa ne da awannin jira. Ejan zai ce maka an sami mai sauƙi, ba zai ce maka za ka kwana a kan kujerar ƙarfe a filin da ba ka jin harshen mutanensa ba, da tsohuwa marar lafiya a hannunka. Wasu kamfanoni, kamar na Habasha, suna ba da masauki idan jiran ya kai awa 8 zuwa 24, bisa wasu sharuɗɗa, wasu kuma ko ruwa ba sa bayarwa, don haka tun kafin a biya ya kamata a san wanne ake saya. Zangon da ya yi gajarta ma matsala ne, domin awa ɗaya a babban fili kamar na Istanbul ba ta isar mai jan yara ko mai tura keken majinyaci. Sannan mai fasfon Najeriya da zai yada zango a ƙasashen Shengen, irin su Faransa da Jamus, yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga cikin fili ba, sai in yana riƙe da wata bizar da ta ɗauke masa wannan sharaɗi. Mutane nawa aka mayar daga kanta a Abuja, da tikiti a hannu, saboda ba wanda ya faɗa musu haka?

Babban tarko kuma shi ne tikiti biyu da aka haɗa da hannu. Idan tafiyar gaba ɗaya tana cikin tikiti guda, kamfanin ne yake da alhakin kai ka inda za ka. Jirgin farko ya makara, su za su nema maka na gaba, kayanka kuma su wuce da kansu. Idan kuwa an saya maka zango ɗaya a nan, ɗaya a can, don a rage 'yan dubbai, to da zarar na farko ya makara na biyu ya tafi da kuɗinka, kuma mai yiwuwa sai ka fita ka karɓi kaya ka sake awo, abin da ba ya yiwuwa sai da bizar shiga ƙasar. Mu a nan wannan ya shafe mu fiye da mutumin Abuja, tunda jirgin cikin gida da zai kai mu can kusan kullum tikitinsa daban ne. Duk wanda ya san yadda ake ɗage tashin jirage a ƙasar nan, balle a watannin hunturu da hazo ke rufe sama, ba zai bar Sakkwato da safe yana sa ran kama jirgin ƙetare da rana ba. A tafi da kwana ɗaya a hannu, kuɗin masaukin dare guda bai kai rabin asarar tikiti ba.

A nan ne bambancin ƙaramin kamfani da babba yake fitowa da gaske. Kamfanin da yake zuwa Najeriya kullum, idan ya soke na yau zai saka ka a na gobe. Wanda yake zuwa sau biyu ko uku a mako, idan ya soke, sai ka jira kwanaki, kuma idan ba shi da ofis sai lambar waya da ba a ɗauka, to kukanka ba shi da inda zai sauka. Shi ya sa nake duba ko kamfanin yana cikin ɗaya daga manyan ƙawancen kamfanonin jirage guda uku, domin 'yan ƙawance ɗaya sun fi saurin karɓar fasinjojin juna: Ethiopian da EgyptAir da Turkish suna cikin Star Alliance, Qatar Airways da Royal Air Maroc suna oneworld, Saudia da Kenya Airways kuma suna SkyTeam. Ko manyan ma ba su da tabbas na har abada, tunda Emirates ta dakatar da zuwa Najeriya a 2022 saboda kuɗaɗenta da suka maƙale, ba ta dawo ba sai a Oktoban 2024.

Game da zaman ikonomi kansa, wato kujerun baya masu araha, ban ga abin kunya a cikinsa ba, kuma ina mamakin masu cin bashi don su zauna a gaba, alhali lokaci ɗaya jirgin yake sauke kowa. Amma kada a yaudari kai, zama ne mai wuya. Tazarar da ke tsakanin kujera da ta gabanta ba ta cika wuce santimita 80 ba a kusan kowane kamfani, sananne ko baƙo, kuma a Boeing 777 da yawa kujera goma ake jerawa a layi ɗaya, a Boeing 787 da Airbus A350 kuma tara. Ke nan irin jirgin ya fi sunan kamfanin faɗa maka yadda kafaɗarka za ta kwana. Iskar ciki bushasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturun Sakkwato, tana busar da leɓe da hanci da maƙogwaro, amma mutanenmu da yawa suna ƙin shan ruwa don kada su tashi zuwa ban ɗaki su dami na kusa da su. Wannan kara ce mai cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yana ninkawa kusan sau biyu idan zaman tafiya ya wuce awa 4, ga shi kuma daga Adis Ababa zuwa Guwanzu kaɗai ana yin sama da awa 10. Mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ƙiba sosai, su ga likita kafin tafiya. Kowa kuma ya nemi kujerar bakin hanya idan zai iya, ya riƙa tashi yana takawa, ya sha ruwa. Kujerar taga daɗin kallo ce ga tafiyar Abuja, ba ga daren da ba ya ƙarewa ba.

Abinci da salla su ne abin da ya fi damun mu, kuma su ne aka fi barin su sai an shiga jirgi. Kamfanonin ƙasashen Musulmi irin su Saudia da Qatar Airways da Turkish abincinsu halal ne tun asali. A sauran kuwa ana neman abincin Musulmi ne tun a ƙasa, lambarsa MOML, kuma galibi sai an nema da aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Ma'aikaciyar jirgi ba ta da tukunya a sama, abin da aka loda mata shi za ta raba. Salla kuma tana buƙatar lissafi, domin mai tafiya gabas yana tarar rana ne, lokuta suna matsowa kusa da juna, Adis Ababa tana gabanmu da awa 2, Sin da awa 7. A tambayi malamai hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da yadda ake yi idan tsayuwa ta gagara, tun ana gida, a kuma yi alwala a fili kafin a shiga. Ban ɗakin jirgi bai wuce tsayuwar mutum ɗaya ba, kuma barinsa jiƙe sharkaf bayan an wanke ƙafa a cikin kwanon wanke hannu yana jawo mana kallon da ba mu cancanta ba.

Sai kaya, inda ɗan kasuwa yake ganin ya fi kowa sani. Jaka biyu masu kilo 23 kowacce ita ce al'ada a hanyoyin Afirka, amma tikiti mafi araha a wasu kamfanoni jaka ɗaya yake bayarwa ko ma babu, kuma kuɗin ƙarin kaya a kanta kan cinye duk rangwamen da aka yi murna da shi. Fawa bank a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwatin da za a loda ba, haka ma magani da takardun asibiti da kayan sawa na kwana ɗaya. Kilishin da ake cusa wa ɗalibi a matsayin tsaraba ba ya shiga Turai ko Amurka, goro kuma hukumar alhazai tana gargaɗi a kansa kowace shekara saboda Saudiyya ta hana. Idan akwati bai fito ba, kada a bar ɗakin karɓar kaya sai an cike takardar rahoto an karɓi lambarta. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya take ciki, ta ba fasinja kwana 7 ya rubuta ƙorafi idan kaya sun lalace, da kwana 21 idan sun makara, kuma iyakar diyyar ba ta wuce kimanin dala 2,000 ga mutum ɗaya ba, komai tsadar abin da ke cikin akwatin. Wanda ya zuba wayoyin miliyoyin naira a ciki ya san abin da ya saka a caca.

Wanda na fi tausayawa shi ne dattijon da ba ya jin Turanci, 'ya'ya suka haɗa kuɗi suka tura shi neman magani ko ziyarar jika, suka raka shi Abuja suka juya. Kamfanoni suna ba da keken guragu da mai rakiya kyauta daga kanta har ƙofar jirgi, a zango ma haka, matuƙar an nema tun lokacin sayen tikiti, kuma wannan mai rakiyar shi ne zai kai shi ƙofar da ta dace idan an sauya ta. A sa ejan ya shigar da buƙatar a gabanka ya nuna maka ta fito a tikitin. A rubuta wa Baba lambobin jiragensa da sunan garin da zai sauka da lambar wanda zai tarbe shi, da manyan baƙaƙe, a saka masa a aljihun gaba tare da fasfo da katin rigakafin shawara.