Mun ɗauko rawar Indiya, mun baro Nargis a gona

Kakata ba ta san ko kalma ɗaya ta yaren Indiya ba, ba ta kuma taɓa taka ƙofar silima ba, don a zamaninsu matan aure ba sa zuwa. A kaset ta ga fim ɗin Mother India, a tsakar gidanmu bayan sallar isha'i, an fito da talabijin an ɗora a kan benci, yaran maƙwabta sun cika tabarma. Da aka zo inda matar nan take jan garma da jikinta saboda babu sauran shanu, 'ya'yanta ƙanana na binta a baya, sai na ga kakata ta kama gefen mayafi tana share ido. Ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, bashi ne ya kai ta." Ba wanda ya fassara mata komai.

Sunan baiwar Allahn nan a fim Radha. Wadda ta fito a matsayinta kuwa Nargis ce, kuma ita nake so mu tsaya a kanta, domin ina ganin akwai abin da masu shirya finafinanmu suka gani a wurinta suka wuce.

An haife ta a Kalkata ranar 1 ga Yuni 1929, aka raɗa mata suna Fatima Rashid. Mahaifiyarta Jaddanbai mawaƙiya ce kuma tana shirya fim, ita ta fara sa ta a gaban kyamara a 1935 tana 'yar shekara shida. Tana da shekara 14 darakta Mehboob Khan ya ba ta jarumar fim ɗinsa Taqdeer a 1943. Daga nan tauraruwarta ta haska. A 1949 ta fito a Andaz tsakanin Dilip Kumar da Raj Kapoor, ta kuma fito a Barsaat. Sai Awaara a 1951 da Shree 420 a 1955, finafinan da suka kai sunanta da na Raj Kapoor har Tarayyar Sobiyet. Fim 16 suka yi tare. A waɗannan shekarun an san ta da fitowa a 'yar birni, mai kyau, mai ilimi, wadda samari ke rububi a kanta. A Awaara ma lauya ce.

To, mace tana kan wannan ganiya, kasuwarta na ci, sai Mehboob Khan ya zo mata da Mother India, labarin matar ƙauye da za a gani tun tana amarya har ta yi furfura, ta sha taɓo, ta yi noma, ta rasa 'ya'ya. Shekararta 28 lokacin da fim ɗin ya fito a 1957. Sunil Dutt, wanda ya fito a ɗanta Birju, shekara ɗaya aka haife su da ita. Duk jarumar da ke lissafin gobenta za ta ji tsoron wannan, don an san yadda sana'ar take: da zarar 'yan kallo sun saba ganinki a uwa, da wuya su sake karɓarki a budurwa. Ta karɓa, kuma ta yi shi da dukkan ƙarfinta. Duba yadda tafiyarta ke canjawa daga farkon fim zuwa ƙarshe, yadda kafaɗa ke ranƙwafawa, yadda murya ke yin ƙasa. Kwalliyar tsufa kaɗai ba ta iya wannan, aikin jiki ne da hankali.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ginshiƙin labarin. Rufi 500, kuɗin Indiya, surukar Radha ta ciwo a hannun mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, don a yi bikin ɗanta. Mutanen gidan ba su iya karatu ba, shi ke riƙe da takarda, shi ke faɗin abin da ke ciki. Aka wayi gari kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne duk kaka, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Mijin Radha ya je sharar sabuwar gona, dutse ya danne hannayensa biyu, kunya ta sa ya bar gida cikin dare. Ambaliya ta share gari. Ranar da yara ke kukan yunwa, Sukhilala ya yi mata tayin abinci a bakin mutuncinta, ta ƙi. Wane manomi ne a ƙasar Hausa bai san wannan ba? Wanda ya taɓa cin bashin ba-da-kaka, ya karɓi kuɗin taki da damina ya biya da buhuna lokacin da hatsi ya fi arha, ba ya buƙatar tafinta. Wanda ya ga gidan da bashin biki ya durƙusar ma haka. Shi ya sa fim ɗin ya daɗe ana maimaita shi a silimomin Arewa, mutane na haddace waƙoƙinsa ba tare da sanin ma'anarsu ba.

Yanzu mu dawo gida. Ba boyayyen abu ba ne cewa Kannywood ta sha nonon finafinan Indiya. An ɗauko waƙa tsakanin saurayi da budurwa, an ɗauko canjin kaya a tsakiyar baiti, an ɗauko rikicin mata biyu a kan namiji ɗaya da auren dole. Ban ce duk wannan laifi ba ne, ni ma na kalla na ji daɗi. Amma ina fim ɗin da aka ɗora wa mace ɗaya kusan awa uku, aka ce ke ce labarin? A yawancin finafinanmu uwa tana fitowa ne ta zauna a falo ko a kan tabarma, ta ce "ban yarda da auren nan ba" ko "Allah ya yi maka albarka," a wuce. Ba mu san abin da take sayarwa ba, ba mu san wa take bi bashi ko wa ke binta ba. Alhali a kowace unguwa akwai bazawara ko matar da miji ya tafi ci-rani bai dawo ba, tana riƙe da 'ya'ya shida da kuɗin ƙosai da adashi. A 2022 da Ladin Cima ta koka a hirarta da BBC Hausa kan ƙanƙantar abin da ake biyan ta, aka yi ta cacar baki, wasu furodusoshi suka musanta. Ni abin da na gani a ƙarƙashin rigimar shi ne, matsayin uwa a fim ɗinmu ƙarami ne tun daga rubutu, don haka ladansa ma ƙarami ne.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙarfi. Za su ce Mother India yabon wahala ne, yana koya wa mace ta yi ta haƙuri har ta mutu. Akwai ƙamshin gaskiya, domin fim ɗin ya ɗaukaka juriya sosai, kuma Birju da ya tashi ya nemi a nuna masa littafin lissafi shi ya ƙare a ɗan fashi. Sai dai Radha ba macen da ta naɗe hannu ba ce. Ita ta roƙi mutanen gari kada su yi ƙaura bayan ambaliya, suka tsaya suka sake noma ƙasar. Ita ce kuma ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan da ta fi so, lokacin da ya sace 'yar Sukhilala ranar aurenta, 'yar mutumin da ya cuce ta tsawon rayuwa. Ko ka yarda da hukuncin ko ba ka yarda ba, ka ga mace da aka ba ikon yanke shi. Irin wannan nauyin nake so a ɗora wa jarumanmu mata.

Wasu kuma za su ce ai Nargis ɗin ma da ta yi aure ta bar fim, kamar yadda ake yi a nan. Haka ne. A wurin ɗaukar fim ɗin wuta ta ƙwace ta zagaye ta, Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, ya ƙone, ta yi jinyarsa, suka yi aure ranar 11 ga Maris 1958. Bayan nan da wuya aka sake ganinta a fim, sai Raat Aur Din a 1967, wanda ya sa ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar gwarzuwar jaruma ta ƙasar Indiya. Amma duba da abin da ta fita. Ta fita da aikin sama da shekara 20, da lambar girmamawa ta gwamnatin Indiya, Padma Shri, ta 1958, da kyautar bikin finafinai na Karlovy Vary a Turai, da fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin masu takarar Oscar. Da wannan sunan ta tsaya wa yara masu larurar shanyewar jiki, aka kuma naɗa ta 'yar majalisar dattawan Indiya a 1980. A wurinmu yarinya kan shigo, ta yi shekara huɗu ko biyar tana rawa, ta yi aure, in auren ya mutu ta dawo ta tarar an maye gurbinta, ba ta da fim ɗaya da za ta nuna ta ce ga aikina. Ban ɗora mata laifi ba, tunda ba a taɓa rubuta mata irinsa ba.

Ciwon daji ne ya yi ajalin Nargis ranar 3 ga Mayu 1981, tana da shekara 51, kwanaki kaɗan kafin a fara nuna Rocky, fim ɗin farko na ɗanta Sanjay Dutt a matsayin jarumi. A daren buɗe fim ɗin an bar mata kujera ɗaya babu kowa.

Kakata ta rasu ba ta san sunan Nargis ba. In ana hirar finafinai a tsakar gida, cewa take, "Ku sa mini na matar nan mai garma."