Tsibirin Mozambik da Birnin Damagaram: siminti ba gyara ba ne

Bahaushen da ke zaune a nan lardin Nampula na ƙasar Mozambik, in ya haye gadar nan mai tsawon fiye da kilomita 3 ya shiga Tsibirin Mozambik, Damagaram zai tuna. Tsibirin ɗan siriri ne, tsawonsa kimanin kilomita 3, faɗinsa bai wuce mita 500 ba, amma daga nan Turawan Fotugal suka mulki ƙasar har 1898, lokacin da aka mayar da babban birni Lourenço Marques, wato Maputo ta yau. Haka Faransawa suka ɗauke mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926.

A ganina, tafiyar gwamna ba ita ke kashe tsohon gari ba. Rufi ne. Gidajen arewacin tsibirin da dutsen teku da farar ƙasa aka gina su, rufinsu shimfiɗaɗɗe kamar soronmu, yana tara ruwan sama ya zuba a matattarar da ke cikin gida, domin ruwan daɗi ya yi ƙaranci. Ko ganuwar São Sebastião, sansanin sojan Fotugal da aka fara ginawa a 1558, da irin wannan ruwan ta dogara. Da zarar rufi ya tsage aka ƙyale shi, ruwa ya bi katakon da ke ɗauke da shi, kan katakon ya ruɓe a cikin bango, rufi ya rufta, sai saiwar bishiya ta ƙarasa aikin. Duk wanda ya ga azara ta ruɓe saboda indararo ya toshe ya san wannan ciwon.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gyara da siminti. Farar ƙasa tana barin danshi ya fita. Siminti kuwa riƙe shi yake yi, gishirin teku ya taru a bayansa, dutsen ya dinga marmashewa alhali fuskar bango sumul. Haka siminti yake ɓamɓarewa daga jikin ginin laka a unguwar Birni ta Damagaram, ya tafi da ƙasar da yaɓe da makuba suka daɗe suna karewa.

UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, amma yawancin jama'arsa, Musulmi 'yan ƙabilar Makuwa, a kudu suke, unguwar makuti (wato rufin ganyen kwakwa), cikin ramukan da aka haƙo dutsen ginin Turawa. Gidajensu na ƙasa da titi, damina na sauka ruwa ya kwanta musu har ƙofar ɗaki. Kuɗin gyara ya kamata ya fara da magudanar ruwan unguwar nan.