Bokeh ba boka ba ne, amma ku bar mutane su yi dariyarsu

Duk sanda aka ambaci bokeh a cikin masu hoto sai wani ya ce wane bokan, na tsubbu ko na magani, wani ya ce ai bokiti ake nufi, sai ka ga wasu manyan masu kyamara sun ɓata rai wai ana wasa da ilimi. Ni dai wallahi ina tare da masu dariyar, don kalmar tun daga gidansu da barkwanci ta taso.

Asalinta Japananci ne, boke, wato dishi-dishi ko hazo-hazo, wannan laushin da bayan hoto ke yi idan lens, gilashin idon kyamara, ya kama fuskar mutum ya saki sauran. Harafin h na ƙarshe ma ba nasu ba ne, Mike Johnston editan mujallar Photo Techniques ne ya liƙa shi a 1997 saboda kar Turawa su haɗiye wasalin ƙarshe. Shi ke nan tarihin, abin da ya fi burge ni shi ne sauran ma'anonin.

A Japan boke ɗin nan shi ne gigin tsufa. Wanda ya sauka daga jirgi agogon jikinsa ya rikice, jisa-boke ke damunsa. Mai magagin barci neboke yake yi. A birninsu na Osaka kuwa in aka daka maka tsawa aka ce boke to zagi ne, dolo aka ce maka. Wato mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi lens mai f/1.4, wato mai faɗin bakin da ke narkar da bayan hoto, don ya samu abin da in an kira shi da shi a titin Osaka sai an yi rabon faɗa, ta ya ba za a yi dariya ba fisabilillahi?

Kuma kalli yadda suka raɗa wa kowane iri suna kamar masu cefane. Ɗigon fitilu da ke zama ƙwallaye tama-boke. In zobe-zobe ya fito a cikin ƙwallon sai su kira shi da sunan albasa, tamanegi. In ya matse a gefen hoto lemon tsami ne. Mai juyawa kamar guguwa, irin na tsohon lens ɗin Rasha Helios 44, guruguru-boke. Kyan abin gaba ɗaya kuma boke-aji, ɗanɗanon dishi-dishi, kai ka ce miya ake yabo.

Amma inda na fi so mu tsaya shi ne manzai, wasan barkwancinsu na mutum biyu. Ɗaya shi ne boke, mai sakin shirme, ɗayan tsukkomi, mai hankalin da ke tare shi ya gyara masa zance har da ɗan mangari a ka. Shirmen boke ba ya ba da dariya sai da na biyun a gefensa. To hoto ma haka yake, laushin baya yana kyau ne saboda akwai ido ko fuska da ta fito tar a gaba. In babu wannan suna da wani sunan daban, pinboke, hoton da saiti ya kuɓuce masa, kuskure kawai.

Abin da ke ci min rai ke nan da hotunan biki na yanzu. Tun da iPhone 7 Plus ya zo da nasa bokeh ɗin a 2016 sauran wayoyi suka bi, kowa goge bayan hoto yake yi, waya ta cinye gefen ɗankwalin amarya, ta narkar da kunnen ango, kakar amarya da ta zo tun daga ƙauye ta zama hayaƙi a bayansu. Shekara 20 nan gaba yaran za su so ganin tsakar gidan nan da fuskar tsohuwar. Don Allah masu hoto a riƙa rage bakin lens ɗin zuwa f/5.6 ko f/8 in dangi sun jeru, don kowa ya fito tar.