Kai Da Ka Ce Ka Gaji, Zo Ka Ji Labarin Ferguson

'Yan uwana matasa, musamman mu da muke raba dare a gidan kallon ƙwallo muna musu kan Man U, don Allah ku ba ni aron kunnenku. Kowa ya san Sir Alex Ferguson, tsohon kocin Man U, da kofin Firimiya 13, amma mu nawa ne muka san wuyar da ya sha kafin nan?

A unguwar Govan ta birnin Glasgow aka haife shi a 1941, unguwar talakawa masu ƙera jiragen ruwa. Yana matashi koyon aikin ƙarfe yake a masana'anta, in an tashi ya wuce tirenin a Queen's Park, kulob ɗin da a lokacin ba ya biyan 'yan wasa ko sisi. Bai ce ai ni ɗan ƙwallo ne, sana'a ta yi min kaɗan ba. Mu kuwa yaro ya ci ƙwallo biyu a gasar unguwa shikenan ya daina zuwa shagon ogansa, wai jiran ejan yake ya kai shi Turai, wallahi abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya.

A 1967 Rangers, kulob ɗin da yake so tun yana yaro, ta saye shi fam 65,000. A wasan ƙarshe na kofin Scotland na 1969 Celtic ta lallasa su 4-0, aka ɗora masa laifin ƙwallon farko wai ya saki Billy McNeill, ɗan wasan Celtic da ya ci ƙwallon, aka mayar da shi cikin ƙananan 'yan wasa, a shekarar ya bar kulob ɗin. Da ya koma koci a 1974 East Stirlingshire ya fara, fam 40 a sati. St Mirren, inda ya koma daga nan, korarsa ta yi a 1978. Shekara biyar bayan korar nan ya ɗauki Aberdeen ya doke Real Madrid 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Turai na Cup Winners' Cup.

To kai ɗan uwa, sau ɗaya oga ya yi maka faɗa a gaban mutane ka tattara kayanka ka koma majalisa, kana cewa an raina ka. Ka koma bakin aikinka don Allah, ka ba shi haƙuri ko da kai ne da gaskiya.

Shi Ferguson ɗin ya zo Man U a Nuwamban 1986, ya yi shekara uku da rabi ba kofi ko ɗaya, magoya baya suna ɗaga kyalle a filin wasa a kore shi, sai a 1990 ya ci kofin FA, na lig kuwa sai 1993.